Na'urar sauraron Littafi Mai Tsarki mai aiki da hasken rana

Na'urar ba ta wuce tafin hannu ba, tana da farantin sola a bayanta da 'yan maɓallai a gaba, kuma an ɗora mata Littafi Mai Tsarki da Hausa tun daga Farawa har Wahayin Yahaya. Na saye ta a wani kantin littattafan Kirista a Jos domin gwaggona, wadda idanunta suka yi rauni, ga kuma shari'ar gonar da marigayi mijinta ya bari ta daɗe a kotu, kullum sai a ɗage zama.

Muryar mai karatun a fili take, ba ya gaggawa, kuma Hausarsa ita ce wadda kunne ya saba ji a majami'a. Idan na'urar ta yini a rana, tana kai dare ba ta mutu ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙauyen da babu wutar lantarki.

Babban amfaninta, a ganina, shi ne tana karanta sura sukutum. Mutumin da aka zalunta yakan riƙe Romawa 12:19, inda Ubangiji ya ce ramako nasa ne, ya tsaya nan yana jiran ganin abokin gabarsa ya faɗi. Na'urar kuwa ba ta tsayawa, sai ta wuce aya ta 20, wadda ta ce a ciyar da maƙiyi idan yana jin yunwa, kuma gwaggona ta yi shiru na ɗan lokaci da ta ji wannan. Haka ma labarin Nabot a 1 Sarakuna 21: mai sauraro zai ji yadda Yezebel ta sa aka yi masa shaidar zur aka jajjefe shi saboda gonar inabinsa, zai ji hukuncin da annabi Iliya ya kawo, sannan ya ji cewa da Sarki Ahab, mijin Yezebel, ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya jinkirta masifar zuwa zamanin ɗansa. Wannan ƙarshen bai cika yi wa wanda aka cuta daɗi ba, amma yana cikin nassin. Misalin gwauruwa da alƙalin da ba ya tsoron Allah, a Luka 18, shi ne ya hana gwaggona janye ƙararta, domin matar can ma ba ta daina zuwa gaban alƙali ba.

Inda na'urar ta gaza shi ne wajen neman wuri. Ba ta da allo, don haka mai son Zabura 37 ko 73 sai ya yi ta danna maɓalli yana ƙirgawa, kuma tsohuwa ba za ta iya wannan ba sai da jika a kusa. Lasifikar ma ba ta isa taron da ya wuce na ɗaki ɗaya ba, kuma da damina cajin yana raguwa. Duk wanda zai saya, ya nemi a kunna masa a kantin, ya tabbatar tana ci gaba daga inda aka tsaya bayan an kashe ta, domin ba kowane samfuri ne ke yin haka ba.