Archicad da aikin lulluɓe bangon waje: ra'ayin mai zanen gine-gine a Kaduna

Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello ko na Ali Akilu a 'yan shekarun nan zai ga yadda ake lulluɓe fuskar manyan shaguna da ofisoshi da fallayen alminiyum da gilashi, maimakon a tsaya ga filasta da fenti. Irin wannan aiki nake zanawa, kuma manhajar da na fi dogara da ita ita ce Archicad, ta kamfanin Graphisoft da ke Budafes, a ƙasar Hangari.

Tun daga fitowa ta 22, a shekarar 2018, aka sake fasalin sashen da ake zana bangon gilashi da fallaye da shi, kuma gyaran ya yi amfani ƙwarai. Mutum zai tsara salon falle ɗaya da firam ɗinsa, manhajar ta maimaita shi a dukkan fuskar ginin, idan kuma mai gini ya ce a ƙara tsawon bene, ba sai an koma zanen daga farko ba. Tana kuma fitar da jadawalin adadin fallaye da girmansu, wanda ke rage gardama tsakanina da ɗan kwangila lokacin lissafin kuɗi.

Sai dai akwai ƙarin da nake fata, domin zane a kwamfuta daban, yanka a Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, daban. Fallen alminiyum da aka fi samu a kasuwa milimita 1220 ne a faɗi, 2440 a tsawo, kuma duk salon da bai yi la'akari da wannan awo ba yana barin guntaye masu yawa, waɗanda mai gini ya biya kuɗinsu amma ba za su hau bango ba. Da manhajar za ta nuna mini tun ina zane yadda za a yanka kowane falle da abin da zai yi saura, da na gyara salon kafin a sayo kaya. Haka nan ina son a sauƙaƙa zana ratar da ake bari tsakanin falle da bulo mai inci tara, saboda nan ne ruwan damina ke bi ya sauka, nan kuma ƙurar hunturu ke taruwa. A yanzu da hannu nake ƙara wannan bayani a kowane zane kafin in miƙa wa mai aikin alminiyum.