Rumfar wani mai sabara a Kasuwar Kurmi

Ƙanwata ta haihu a makon jiya, sai mahaifiyarmu ta aike ni neman ganyen sabara domin wankan jego. Na nufi Kasuwar Kurmi, wadda ake ciniki a cikinta tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, na tsaya a rumfar wani dattijo cikin masu sayar da saiwoyi da sassaƙe.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai miƙo mini gari a ƙulle ba. Ya kwance buhu, ya ɗebo ganyen da rassansa, ya juya bayan guda ɗaya ya nuna mini ɗigo-ɗigon baƙi da ke jikinsa, ya ce da wannan da kuma launinsa mai kama da toka ake gane sabara ta gaskiya. Na tauna kaɗan, baurin ya kama mini harshe. Wanda ya sayi gari ba shi da hanyar yin wannan gwaji, domin da zarar an daka ganye, kusan kowane iri kama yake yi da ɗan'uwansa.

Na tambaye shi, "Baba, ban da wankan jego, me take yi?" Ya ambaci tari da gudawa da basir da ƙaiƙayin jiki, ya ƙara da cewa masu jego kan sha ruwanta don ƙarin nono, makiyaya kuma kan turara rassanta su kori ƙudaje daga shanu. Bai ce tana maganin kowace cuta ba, saɓanin masu yawo da lasifika a mota. Har ma ya ja kunnena cewa jaririn da gudawa ta kama, asibiti za a kai shi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Inda rumfar ta gaza shi ne wajen awo da adana. Da na nemi sanin yawan da za a dafa, amsar ita ce "cikin hannu ɗaya", alhali hannuna da na mahaifiyata ba ɗaya ba ne. Buhunan kuma a buɗe suke a bakin hanya, ƙura na sauka a kansu, don haka sai da muka wanke ganyen sau uku kafin ruwan ya fita fes.

Farashin bai kai kuɗin adaidaita sahun da ya kai ni ba, kuma ya yi mini gyara. Zan koma, amma ganye zan ci gaba da saya, a daka a gida.