Sanya altaneta mai ƙarfi a Corolla: yadda na ga aikin wani mai wayarin mota a Kano

Toyota Corolla ƙirar 2007 tana fitowa daga kamfani da altaneta (na'urar da ke samar wa mota wuta tana cajin batir idan inji yana aiki) mai amfiya 80, kuma wannan ya ishi abin da aka ƙera motar da shi, wato fitilu da fankar lagireto da famfon mai da na'urar sanyaya iska da cajin batir. Matsala tana farawa ne idan mai mota ya ƙara mata kaya. Inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida) mai wat 500 kaɗai, idan aka ɗora mata cikakken nauyi, tana jan fiye da amfiya 40, rabin ƙarfin altanetar ke nan, kuma duk abin da ta kasa bayarwa daga batir ake zuƙarsa. Tawa motar tana ɗauke da irin wannan inbata da ƙaramin firji saboda aikin da nake yi a ƙauyuka, shi ya sa na kai ta wani garejin wayarin da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa.

Abin da ya fara burge ni shi ne mai garejin bai taɓa sifana ba sai da ya yi awo. Ya ɗora mita a kan batir, ya sa aka kunna komai injin yana silo, wato yana kunne ba a taka totur ba, wutar ta sauko ƙasa da bolt 13, alhali lafiyayyen caji yana tsakanin 13.5 da 14.5. Bai yi gwajin nan na cire kan batir mota tana kunne ba, wanda wasu ke yi har yau duk da cewa yana iya ƙona kwamfutar mota.

Na je ne da niyyar sayen sabuwar altaneta mai amfiya 200, ya hana ni, kuma hujjarsa ita ce ta fi komai daraja a aikin. Lambar da ke jikin altaneta tana nufin abin da za ta bayar idan tana juyawa da sauri. A silo, kamar lokacin da mutum ya maƙale a cunkoson Kantin Kwari da rana tsaka, abin da take bayarwa ya yi ƙasa da haka sosai, zafi kuma yana ƙara rage shi. Da yawa daga cikin masu babbar lamba an naɗa su ne da waya mai kauri da zagaye kaɗan, sai su yi ƙarfi a kan babban titi, su yi rauni a tsaye. Ya zaɓo mini altanetar kamfanin Denso 'yar Beljiyam mai amfiya 130 da aka ciro daga wata babbar Toyota, ya duba gawayinta da boris ɗinta, ya gyara mazauninta da soket har ta zauna daidai da layin fambel.

Bai tsaya nan ba, domin sabuwar altaneta a kan tsohuwar waya haɗari ce. Ya sauya wayar da ta tashi daga altaneta zuwa batir da mai kauri, ya sa mata fiyus daidai da ƙarfinta, sannan ya ƙarfafa wayoyin da ke haɗa batir da inji da gangar jikin mota. Bayan ya gama, mita ta tsaya a kan bolt 14 da ɗoriya kaɗan duk da an kunna komai, fitilu kuma sun daina dusashewa idan fanka ta tashi.

Akwai inda aikin ya gaza. Altaneta mai ƙarfi ta fi wuyar juyawa idan an ɗora mata nauyi, ya kamata a ce ya ba da shawarar sabon fambel tun farko. Tsohon ya riƙa yin ƙara da safe har sai da na koma aka sauya. Garantin ma na baki ne, babu ko takarda, kuma kayan Beljiyam ba a san tsawon wahalar da suka sha ba kafin su iso. Kuɗin aiki da wayoyi ya kusa kamo kuɗin altanetar kanta, ko da yake ban ga zalunci a ciki ba. Shan mai ya ɗan ƙaru idan inbata tana aiki, wanda dole ne, tunda daga inji wutar take fitowa.

Wanda motarsa ba ta da ƙarin kaya amma batir yana mutu masa, ya fara gwada batirin da wayoyinsa, domin wannan aikin ba nasa ba ne. Masu sababbin motocin da kwamfuta ke sarrafa cajinsu kuwa su tabbatar altanetar da za a sa musu tana karɓar umarnin kwamfutar, in ba haka ba fitilar batir za ta zauna a kunne.