Tabarau na VR ko tattaki: wanne ya fi amfanar ƙwaƙwalwar mai ƙiba?

Ɗan'uwa, ka ce ka haura shekara 40, jiki ya yi nauyi, mantuwa ta fara damun ka, kana tambaya ko sayen tabarau na VR, wato na'urar da ake ɗaurawa a fuska ka ga kamar kana cikin wasan kwamfuta, don motsa jiki ya fi tattakin da likita ya ce ka riƙa yi.

Tattaki dai hujjarsa ta fi ƙarfi. A 2011 Kirk Erickson da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da sakamakon gwaji a kan dattawa 120. Rabi suna tafiya da sauri sau uku a mako har suka kai minti 40 a kowace fita, sauran kuma miƙe gaɓɓai kawai suke yi. Bayan shekara guda, hifokamfas, wato sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe abin da mutum ke tunawa, ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari a wurin masu tattaki, ya kuma ragu a ɗaya rukunin. Idan zuciya ta yi ta bugawa da sauri, jini yakan ƙara isa ƙwaƙwalwa, jiki kuma ya ƙara samar da sinadarin BDNF mai raya ƙwayoyin jijiya. Mai ƙiba yana da ƙarin riba, domin sukari da hawan jini, waɗanda ke cinye ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a hankali, sukan lafa.

Abin da VR ya fi tattaki da shi kuwa shi ne yana sa jiki da hankali aiki lokaci ɗaya. A wasan Beat Saber, wanda ya fito a 2018, kana saran akwatuna gwargwadon launinsu da inda kibiya ta nuna, kana kuma kauce wa bango. Ba damar hankali ya tafi wani wuri. Gwajin da aka fi ambata a nan shi ne na Cay Anderson-Hanley a jihar New York, 2012: dattawan da suka yi wata uku suna tuƙa keken motsa jiki mai allon tsere sun fi masu keke zalla ƙwazo wajen tsara tunani da sauya hankali daga wani aiki zuwa wani. Sai dai ka lura, allo ne a gabansu, ba tabarau ba. Gwaje-gwajen da aka yi da tabarau kuwa yawancinsu mutane kaɗan ne, na 'yan makonni.

Sai batun aljihu da jiki. Tabarau na Meta Quest 3 ya fito a 2023 a kan dala 499, nauyinsa giram 515 a fuska, batirinsa kamar awa biyu. Wasu yana sa musu jiri da tashin zuciya, kuma a zafin watan Afrilu gumi zai cika maka shi cikin minti kaɗan. Amma ga wanda gwiwa ke ciwo, wasannin dambe na tsaye sun fi sauƙi da doguwar tafiya. Haɗarin shi ne ka tsaya wuri ɗaya kana kaɗa hannu ka ɗauka ka motsa jiki. Ma'auni ɗaya ne ga duka biyun: numfashi ya tashi har ka iya magana amma ka kasa rera waƙa, kuma ka cika minti 150 zuwa 300 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta.

Ni dai da tattaki zan fara. VR na wanda gundura ke sa shi watsar da tattaki ne bayan mako biyu, kuma yana da kuɗin.

Kafin duka wannan, tambayi uwargida ko kana munshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa cikin barci. Wannan matsala ta yawaita ga masu ƙiba, kuma ita kaɗai tana iya jawo mantuwa da gyangyaɗin rana. In haka ne, a fara da asibiti, a haɗa da gwajin sukari da hawan jini.