Shagon fassara da ya san bambancin "mai ci" da "mai barin gado"

A kusa da babbar kasuwar Maradi akwai wani ƙaramin shagon buga takardu da ke fassara daga Faransanci zuwa Hausa, kuma can na kai sanarwar zaɓen shugabannin ƙungiyarmu ta masu sayar da hatsi. Ladan aikin bai yi tsada ba, amma wata tambaya da mai fassarar ya yi mini ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

A takardar an kira shugabanmu "président sortant". Kafin ya rubuta komai sai ya ce, "Alhaji, shugaban naku zai sake tsayawa ne, ko kuwa ya gama?" Yawancin masu fassara da sun ga wannan kalma sai su rubuta "mai barin gado", alhali a Faransanci ana kiran mutum da ita ko da yana neman wani wa'adin. Mahamadou Issoufou ma haka aka kira shi a zaɓen 2016, ya kuma koma kan kujerarsa. Bai zama mai barin gado ba sai a 2021, lokacin da Mohamed Bazoum ya kasance mai jiran gado har zuwa rantsuwar 2 ga Afrilu. Tun da namu shugaban yana takara, sai mai fassarar ya rubuta "shugaba mai ci", domin da ɗayar kalmar ta fita a rediyo, da magoya bayansa sun ce mun tsige shi tun ba a kaɗa ƙuri'a ba.

Haka kuma ya ƙi kiran ma'ajinmu "mai ci", saboda riƙon ƙwarya yake yi tun rasuwar wanda ya gada (ya ƙara da cewa, cikin raha, ba a so a ji "mai ci" kusa da asusu). A wurin gaisuwa ga Sarkin Katsinar Maradi kuwa "mai martaba" kaɗai ya sa, tun da sarauta ba ta da wa'adi.

Inda shagon ya gaza shi ne wajen bugawa. Na'urarsu ba ta fitar da ƙ, ɗ da ɓ, har "ƙasa" ta koma "kasa" a wuri uku, sai da na bi kwafi hamsin ina lanƙwasa haruffan da biro. Wanda zai kai musu aiki ya nemi ganin shafi ɗaya tukuna kafin a buga sauran.