Ƙunshin rajistar tambari da ake sayarwa a Kaduna: abin da ke ciki da abin da aka bari a waje

Daga ofisoshin lauyoyi na tsakiyar gari zuwa ejan-ejan masu talla a WhatsApp, hidimar da ake yi wa masu ƙananan masana'antu a Kaduna kusan iri ɗaya ce: ka biya sau ɗaya, a yi maka rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, a shigar maka da tambari a Abuja, a haɗa maka takardun NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Masu yaji, yogot, turaren wuta da ruwan leda su ne manyan kwastomomi. Hidimar ta cancanci kuɗinta, sai dai galibi takan tsaya tun aikin bai kai ƙarshe ba.

Babban amfaninta shi ne warware wani tsohon ruɗani. Takardar CAC shaida ce ta sunan da kake kasuwanci da shi, ba ita ke ba ka mallakar sunan da ke jikin kwalba ba. Wannan yana hannun ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar 1965. Ejan da ya san aikinsa yakan faɗi haka tun zaman farko, kuma yakan dage a yi bincike kafin a shigar da komai, don a ga ko wani ya riga ya kama sunan ko mai kama da shi. Wanda ya ce a tsallake bincike don rage kuɗi, a bar shi. Buga leda da kwali da suna, sannan a ƙi amincewa da sunan, ya fi kuɗin binciken nesa ba kusa ba.

Matakan a jere suke. Bayan shigarwa ana ba da takardar shaidar an karɓi buƙata. Jami'i ya duba, in babu matsala a ba da takardar amincewa. Daga nan sai a buga tambarin a mujallar ofishin, a jira wata 2 ko wani zai ƙalubalanta, kafin satifiket ya fito. A nan yawancin ƙunshin ke gazawa. Da yake takardar amincewa ce aka saba kai wa NAFDAC a matsayin shaida, da ta fito sai a miƙa wa kwastoma a ce an gama. Ba a gama ba. Fitowar mujallar kan ɗauki watanni masu yawa, kuma in wani ya kawo ƙorafi babu mai bibiya, buƙatar na iya mutuwa mai ita bai sani ba. Kafin ka biya, a rubuta maka ko kuɗin ya haɗa da bibiya har zuwa satifiket.

Zaɓen rukuni shi ne inda ake gane gwani. Rukunai 45 ne, 34 na kaya, 11 na hidimomi, kuma a Najeriya kowane rukuni buƙatarsa daban, kuɗinsa daban. Kilishi, yogot da man gyaɗa suna 29, yaji, zuma da gari suna 30, ruwan sha da lemo 32, sabulu da turare 3, tufafi 25, gidan abinci 43. Mai yogot da ke shirin fara ruwan leda baɗi, in ya tsaya a 29 kawai, ya bar ƙofa a buɗe. Amma kada kuma a yarda a tara rukunai don burgewa, domin tambarin da aka yi shekara 5 ba a amfani da shi ana iya neman a soke shi. Tambayar da ta kamata ejan ya yi ita ce: me za ka sayar nan da 'yan shekaru? Kaɗan ne ke yin ta.

Haka batun suna. Sunan da ke bayyana kayan kawai ko garin da suka fito, irin su "Cittar Kachia" ko "Yaji Mai Daɗi", da wuya ya wuce, tunda ba za a hana sauran masu citta ambaton Kachia ba. Ƙirƙirarren suna ya fi saurin wucewa, ya fi sauƙin karewa.

Sai a duba sunan wa aka rubuta a matsayin mai tambarin. In kamfani ne na abokan tarayya, sunan kamfanin ya kamata a sa, ba na ɗayansu ba, balle na ejan. Imel da lambar waya ma su zama naka, saboda rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma duk shekara 14, lokacin da ƙila ejan ya daɗe da canza sana'a.

Abubuwa uku ba sa cikin ƙunshin sam. Na farko zanen tambarin: yaron da ya zana maka shi ne ke da haƙƙin mallakar zanen a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, sai in ya miƙa maka a rubuce, ko da ka biya shi. Na biyu siffar kwalba ko kwali, wadda rajistarta daban ce a dokar 1970, shekara 5 da ake iya sabuntawa sau biyu. Sharaɗinta ta zama sabuwa, don haka a shigar kafin a baza hotunanta a Facebook. Haɗin yaji ko turare kuwa ba rajista yake so ba, sirri yake so: yarjejeniya a rubuce da ma'aikata, da taƙaita waɗanda suka san ma'auni.

Na uku, wato kare tambarin a ƙasashen waje, ya fi shafar masu loda kaya daga Kasuwar Sheikh Gumi zuwa Maraɗi ko Njamena. Satifiket ɗin Abuja a kan iyaka yake tsayawa. Nijar, Chadi da Kamaru suna cikin OAPI, ƙungiyar haɗin gwiwa ta rajistar tambari mai hedikwata a Yawunde, inda buƙata ɗaya ke rufe ƙasashe 17. In dillalinka na can ya riga ka shigar da sunan, kai ne za ka koma baƙo a kan kayanka.

Yaƙi da masu jabu ma lissafinsa daban ne. Ofishin rajista ba ya zagaya kasuwa. Kai za ka sa ido, ka sayi samfurin jabun ka ajiye rasit, lauya ya aika wasiƙar gargaɗi, in ba a daina ba a tafi Babbar Kotun Tarayya, wadda ke da reshe a nan Kaduna.