Kayan PUBG ko na Free Fire: wanne za ka kwaikwaya?

Ƙanena na wajen Ringim, ka ce kana haɗa ɗan wasan waya naka, kana tambayar tsarin kayan da ya kamata ka bi, na PUBG Mobile ko na Free Fire. Ga yadda nake ganinsu.

PUBG Mobile ya fito a 2018. Mutum 100 ake zubawa a fili, wasa ɗaya yakan ci kusan rabin awa. Masu tsara shi ba sa ba ka abu a banza, kowane kaya da farashinsa, sai dai a cikin wasan ake biya. Bindigar AKM ta fi M416 zafin duka, amma tana fizgar hannu, in ba ka iya riƙe ta ba sama za ka yi ta harbi. Bandeji ba ya kai lafiyarka sama da kashi 75 cikin 100. Babban akwatin magani ne ke cika ta, shi kuwa samunsa da wuya, kuma sai ka tsaya kana jiran ya gama aiki, abokan gaba na nemanka. Jaka ma tana cika, dole ka zaɓi abin da za ka zubar.

Bindigar da ta fi burge ni ita ce AWM. Ko hular kwano mataki na uku ba ta tare harsashinta. To me ya hana ta lalata wasan? Ba a tsintar ta a ɗaki. Sai a akwatin da jirgi ke jefowa, yana tada jan hayaƙin da kowa ke hangowa daga nesa, harsashinta kuma nata ne ita kaɗai, ɗan kaɗan. Mai son ta sai ya sayar da ransa tukuna.

Free Fire kuwa, na kamfanin Garena na Singafo, ya fito a 2017 da mutum 50 da wasan kamar minti 10, an kuma yi shi don ƙananan wayoyi, irin waɗanda suka cika shagunan cajin ƙauyukanmu. Lokaci gajere ne, don haka kayansa na gaggawa ne. Dubi Gloo Wall: jefawa ɗaya, katanga ta tsaya a gabanka ko a fili fetal. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai. Inda muka raba gari da su shi ne fentin bindiga. A PUBG fenti ado ne kawai. A Free Fire akwai fentin da ke ƙara wa bindiga ƙarfi ko saurin harbi, ko da yake yana rage mata wani abin, kuma mai sayen daimon, wato kuɗin cikin wasan, ya fi kusa da samunsa.

Ni dai shawarata, ka ɗauki ƙarancin nauyi a waya da gajeren wasa daga Free Fire, ka ɗauki awon kaya daga PUBG. Yaron da ya sayi data da kuɗin ƙwadagon gona, in ya ga mai kuɗi na kayar da shi don ya sayi ƙarfi, goge wasan zai yi. In za ka sayar da wani abu, sayar da riga da fenti.

Fara da kaya biyar ko shida. Rubuta ƙarfin kowanne, nauyinsa da yawan fitowarsa a jadawali guda, yadda za ka canza lamba ba sai ka taɓa sauran aikin ba. Sannan ka miƙa wa samarin shagon caji su buga kana kallo. In duk suka ruga kan bindiga ɗaya, rage mata harsashi ko ka mayar da ita wurin da ya fi haɗari.